SHIN JAN-BAKI MA TANA TASBIHI?

 

'Yan uwa, duk shekara idan shinkafa ta fitar da kai ta fara ƙosawa a fadamun Auyo da Guri da Kiri Kasamma, akwai tambayar da ke dawowa bakin manoma, wani ya yi ta cikin raha, wani cikin ɓacin rai: "Malam, kun ce babu abin da ba ya yi wa Allah tasbihi. To wannan jan-bakin da ke cinye mana gona fa, ita ma tasbihin take yi? In tana yi, yaya mai tasbihi zai zama ɓarawo? Kuma in na kashe ta, mai ibada na kashe kenan?"

Tambaya ce mai kyau, kuma ba sabuwa ba ce. A ƙarƙashinta akwai wata da ta fi ta girma: shin dabbobi sun san Ubangijinsu? Manyan malaman tafsiri sun tsaya a kanta sun yi dogon bayani, saboda haka kada wanda ya raina mai tambayar.

Mu fara da abin da kowa yake gani da idonsa, mumini da wanda ba mumini ba. Duk wanda ya tashi a bakin kogin Haɗeja ya san gaiwa. Idan ruwa ya janye, tafki ya fara ƙafewa, sai ta nutse cikin taɓo, ta lulluɓe jikinta da yauƙi ya bushe ya zama mata kamar jaka, ta bar 'yar kafa ta shaƙar iska, ta kwanta watanni ba ci ba sha har ruwa ya dawo. Shi ya sa ake cewa gaiwa jikinta take ci. Wa ya sanar da ita cewa rani na zuwa? Shamuwa kuma, kafin manomi ya ga hadarin fari ta riga ta sauka a kan tsamiya da kukar gari tana gyaran sheƙa. Sannan ga baƙin tsuntsayen da ke cika dausayin Baturiya da hunturu. Daga Turai suke tasowa, su ƙetare teku, su ƙetare Sahara, su sauka a nan wajen watan Oktoba, zuwa Maris ko Afrilu su kama hanyar komawa. Saboda su da ire-irensu ne aka saka Baturiya cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci a duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, a 2008. Masana sun ce tsuntsayen suna gane hanya ne da rana da taurari da maganaɗisun ƙasa. Ban musa ba. Amma wannan bayanin yadda suke tafiya ne, ba bayanin wanda ya dasa musu sanin ba ne.

Wannan shi malamai ke kira shiriya ta gama-gari. Lokacin da Fir'auna ya tambayi Annabi Musa (AS) wane ne Ubangijinsu, amsar da ya ba shi a Suratu Ɗaha, aya ta 50, a kan wannan ta ginu: wanda ya ba kowane abu siffar da ta dace da shi sannan ya nuna masa hanyar rayuwarsa. A Suratun Nahli, aya ta 68, Allah Ya kira abin da Ya kimsa wa ƙudan zuma da sunan wahayi. Ba wahayin annabta ba ne, ilhama ce. Ibnul Ƙayyim (ya rasu 751 bayan hijira) ya yi shafuka masu yawa a littafinsa Shifa'ul Alil yana kawo misalan wannan shiriya daga zuma da tururuwa da alhudahuda da tattabara. Da ya ga gaiwa, ina kyautata zaton da ba zai wuce ta ba.

Sai dai wannan bai amsa tambayarmu ba tukuna. Sanin hanyar Baturiya daban, sanin Wanda ya halicci Baturiya daban. Wannan na biyun ba a gano shi da ido ko da na'ura, sai da labarin da ya zo daga Allah. To me ya zo?

A Suratul Isra'i, aya ta 44, Allah Ya ba da labarin cewa duk wani abu da ke akwai yana tsarkake Shi tare da gode maSa, sai dai mu ne ba mu fahimtar tasbihin. A Suratun Nur, aya ta 41, Ya ambaci tsuntsaye a halin da suka shimfiɗa fikafikai a sama, Ya ce kowanne yana da sallarsa da tasbihinsa sanannu. A Suratul An'am, aya ta 38, Ya kira dabbobin ƙasa da tsuntsayen sama al'ummu irinmu, Ya kuma ce wurinSa za a tara su. Ayar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta 18 a Suratul Hajji. A can Allah Ya jero masu yi maSa sujada: rana, wata, taurari, duwatsu, bishiyoyi, dabbobi, duk a dunƙule ba tare da ware wasu ba. Da Ya zo kan mutane sai Ya ce masu yawa daga cikinsu, bai ce dukkansu ba. Ka lura da wannan, ɗan uwa. A cikin dabbobi ba a samu wanda ya ƙi ba. A cikinmu aka samu.

To a nan malamai suka rabu biyu. Wasu, irin su Fakhruddin Ar-Razi (606), sun karkata ga cewa tasbihin abin da ba ya magana tasbihi ne na lisanul hali, wato yanayin halittarsa ne yake shaida cewa yana da Mahalicci mai hikima, kamar yadda kyakkyawan ɗinki yake yabon tela ba tare da rigar ta buɗe baki ba. Da aka ce musu ai ayar ta ce ba ku fahimtar tasbihin, alhali kowa yana iya fahimtar wannan shaida, sai masu wannan ra'ayi suka ce da mushirikai ake magana, waɗanda suke kallon halitta ba sa lura. Magana ce ta malamai masu daraja, ba a yi mata dariya.

Wasu kuma, irin su Alƙurɗubi (671), malamin tafsiri Bamalike ɗan Andalus, da Ibnu Kasir (774), sun tafi a kan cewa tasbihi ne na haƙiƙa, kowace halitta da irin nata, ta hanyar da Allah Ya sani mu ba mu sani ba. Ni wannan ce ta fi rinjaye a wurina, kuma ga dalili. Allah Ya ce Ya hore wa Annabi Dawud (AS) duwatsu da tsuntsaye suna tasbihi tare da shi, kamar yadda ya zo a Suratul Anbiya'i da Saba'i da Sad. Idan tasbihin nan bai wuce shaidar halitta ba, to ai suna yin wannan tare da kowa, da ni da kai, safe da yamma. Ina falalar Dawud kenan? Wannan hujjar Alƙurɗubi ce, kuma ban ga amsar da ta ture ta ba. Ga kuma maganar Abdullahi ɗan Mas'ud a Bukhari cewa sun kasance suna jin tasbihin abinci ana cikin cinsa a zamanin Annabi (SAW). Shaidar halitta da hankali ake gane ta, ba da kunne ba. Sannan ga ƙissar Annabi Sulaiman (AS) a Suratun Namli. Alhudahuda ya dawo daga Saba'i, abin da ya fi tayar masa da hankali ba gadon mulkin sarauniya ba ne, a'a, ganin mutane suna yi wa rana sujada sun bar Allah. Tsuntsu yana mamakin shirka! Wani zai ce ai wannan mu'ujiza ce ta keɓanta da Sulaiman. Haka ne, mu'ujiza ce. Amma abin da Sulaiman ya ce an ba shi shi ne an sanar da shi maganar tsuntsaye. Wato kunne aka buɗe masa.

Akwai ma hadisin da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, wanda da yawanmu muka karanta a zaure, cewa ranar Juma'a tun daga asuba har fitowar rana dabbobi suna kasa kunne saboda tsoron tashin Alƙiyama, ban da mutum da aljan. Ka tuna da wannan duk asubar Juma'ar da barci ya fi ƙarfinka, akuyar da ke ɗaure a tsakar gida ta riga ka.

Yanzu kuma sai mu ja linzami, domin masu wuce gona da iri suna nan. Cewa dabba tana da wani sani na Ubangijinta bai zama tana da hankali irin namu ba, bai zama an ɗora mata shari'a ba. Babu halal da haram a kan saniya. Babu annabi a cikin tururuwa. An taɓa samun wanda ya faɗi haka a tarihi, Ibnu Hazm (456) ya yi masa raddi mai zafi a littafinsa Al-Fisal. Amanar da sammai da ƙasa da duwatsu suka ƙi ɗauka, kamar yadda ya zo a ƙarshen Suratul Ahzab, mutum ne ya ɗauke ta. Saninmu da zaɓi yake tafe, ana iya ƙara shi da karatu, ana iya binne shi da saɓo, iyaye ma suna iya karkatar da shi, kamar yadda hadisin fiɗira ya nuna. Nasu kuwa a jikin halittarsu yake, babu fita daga gare shi. Shi ya sa da Allah Ya kwatanta gafalallu da dabbobin ni'ima a Suratul A'araf, aya ta 179, sai Ya ce gafalallun sun fi ɓata. Saniya ba ta saɓa wa abin da aka halicce ta dominsa ba. An tabbatar a Sahihu Muslim cewa ranar Alƙiyama za a rama wa tunkiya marar ƙaho abin da mai ƙaho ta yi mata, amma wannan bayyana cikar adalci ne, ba hisabin Aljanna da Wuta ba ne. An ruwaito daga sahabbai cewa bayan nan ƙasa za su koma.

Bari in yi ratse kaɗan kan bidiyoyin da ake turo mana a WhatsApp: zaki yana ruri wai sunan Allah yake kira, rago ya durƙusa wai sujada yake, an kama kifi da rubutu a gefen ciki, a ƙasa kuma an rubuta wai duk wanda bai tura wa mutum goma ba yana da alhaki. Jama'a, mu bar wannan. Allah Ya riga Ya gaya mana ba ma fahimtar tasbihinsu, kai kuma ka zo da waya ka ce ka ɗauko shi? Ragon da ya durƙusa wataƙila ciwon kofato ke damunsa, magani yake buƙata. Kuma ragon da ke tsaye yana tuƙa bai gaza shi tasbihi ba. Haɗarin abin shi ne, yaron da aka gina wa imani a kan bidiyo, ranar da ya gano haɗa shi aka yi da kwamfuta, ba bidiyon kaɗai zai yi wa kallon tuhuma ba. Haka nan masu cewa kimiyya ta tabbatar dabbobi suna salla. Kimiyya ba ta tabbatar ba, ba ta kuma ƙaryata ba, don ba filinta ba ne. A ɗaya gefen kuma ga camfi: mujiya ta yi kuka a kan katanga, a ce mutuwa ta zo, a tashi yara su jefe ta. Annabi (SAW) ya kore camfi da tsuntsaye, ya kore camfin mujiya da sunanta. Baiwar Allah ɓeraye take kama maka a bayan rumbu.

To mu dawo gona. Jan-baki ba ɓarauniya ba ce, domin sata hukunci ne na wanda aka ɗora wa shari'a. Ita ba ta san iyakar gonar Malam wane ba, ƙwaya ta gani, kuma Wanda ya lamunce arzikin kowace dabba, kamar yadda ya zo a Suratu Hud, aya ta 6, Shi ya shiryar da ita zuwa gare ta. Har ma ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa abin da tsuntsu ya ci daga shukar Musulmi sadaka ce a gare shi. Na san wannan magana tana da nauyi a kunnen wanda ya ci bashin taki, ya sayi fetur ya yi ban-ruwa, 'ya'yansa suka bar makaranta suka wuni a rana suna kaɗa gwangwani suna ihu har murya ta dishe, sannan garke ɗaya ya sauko kamar hadari ya bar masa kara. Tsuntsuwar ba ta wuce nauyin giram 20 ko kusa da haka ba, amma dubbai ne a kan dubbai. Ba ina cewa ka naɗe hannu ka ce sadaka ce ba. Ina cewa ne abin da ya kuɓuce maka bayan ka yi iya ƙoƙarinka bai tafi a banza ba a wurin Allah.

Shin ya halatta a kashe ta? E, ya halatta. Tasbihi ba ya hana. Ragon layya ma yana tasbihi, muna kuma yanka shi, domin Mai shi ne ya ba da izini, shi ya sa ba a ɗora wuƙa sai an ambaci sunanSa. Annabi (SAW) ya ba da izinin kashe abubuwa biyar masu cutarwa ko da a Harami: hankaka, shirwa, kunama, ɓera da kare mai cizo, malamai kuma suka yi ƙiyasin duk mai cutarwa a kansu. Ƙa'idar fiƙihu ita ce ana gusar da cuta. Amma 'yar uwarta tana biye da ita: lalura gwargwadonta ake ɗauka. A nan ne hadisin da ke Bukhari da Muslim yake shigowa, na wani annabi daga annabawa da tururuwa ta cije shi, ya sa aka ƙone gidan tururuwar baki ɗaya. Allah Ya yi masa wahayi yana zarginsa a kan halaka al'umma guda mai tasbihi saboda cizon ƙwaya ɗaya. Dubi dalilin da aka kafa masa: tasbihinsu. Kenan mas'alar nan ba ta zaman hira ba ce, hukunci yana rataye da ita.

Saboda haka korar jan-baki, da kama ta da raga a yanka a ci ko a sayar, babu laifi. Feshi da jirgi a makwancinta idan ɓarna ta yi yawa, wannan aikin hukuma ne da masana, su auna maslaha da ɓarna, domin irin maganin da ake fesawa ba ya tambayar tsuntsu sunansa, kuma ƙarƙashin makwancin nan ruwa ne da kifi da wurin shan dabbobi. Abin da ba ya halatta ko kaɗan shi ne a bi bayan feshi a tsince matattun tsuntsaye a soya a kai kasuwa. Mushe ne, ga guba, ga ha'inci, laifi uku a tire ɗaya. Haka wanda yake jiƙa hatsi da maganin ƙwari ya watsa a bakin ruwa don dinya da kirinjijiya su ci su faɗi. Haka masuncin da ya gaji da jefa birgi ya zuba gamalin a tafki, tarwaɗa da karfasa da 'ya'yan da ba su kai yatsa ba duk su taso ciki sama, ya kwashi na kwasa ya bar sauran su ruɓe. Wannan ya wuce abin da aka zargi wancan annabi da shi nesa ba kusa ba, domin shi an cije shi, kai kuwa wa ya cije ka?

Kuma in za mu yi adalci, mu tambayi kanmu me ya ba jan-baki wurin zama haka. Dattawa sun san lokacin da kogin nan yake cika da damina ya malala, da rani ya janye ƙasa ta bushe. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta canza, ya zama akwai ruwa a magudanai kusan duk shekara. Madatsun sun kawo alheri, noman rani da ruwan sha, ba mai musun wannan. Amma ruwan da ba ya ƙafewa shi kachalla take so, sai ta mamaye hanyoyin ruwa daga nan har Nguru, ta toshe su, ta cinye gonaki da wuraren su, ta kuma zama masaukin da jan-baki ke kwana cikin aminci. Ashe akwai hannun ɗan Adam a ciki. Ita tana bin shiriyar da aka yi mata ne a cikin yanayin da muka canza. Mutanen garuruwan da ke fita gayya suna sare kachalla suna buɗe hanyar ruwa, wallahi ina ganin aikinsu ya fi kusa da maganin matsalar daga tushe, kuma in niyya ta gyaru ibada ce.

Ana yawan tambayata batun kwaɗi, tunda busasshen kwaɗo ya zama haja a yankin nan, ana lodinsa zuwa kudu. Abu Dawud da Nasa'i sun ruwaito cewa wani likita ya tambayi Annabi (SAW) game da sa kwaɗo a magani, sai ya hana shi kashe shi, an kuma ruwaito daga Abdullahi ɗan Amru cewa kukansa tasbihi ne. Da wannan Shafi'awa da Hambalawa suka haramta cinsa. A mazhabar Malik kuwa an halatta, an saka shi cikin dabbobin ruwa. Tunda saɓani ne tabbatacce, ba zan kira mai wannan sana'a mai cin haram ba, ko da yake ni zuciyata ta fi natsuwa da hadisin hani. Abin da zan ce masa shi ne kada ya share tafki tas lokacin da suke ƙwai, don kwaɗo ƙwarin gona yake ci.

Na kusa da mu duka su ne na cikin gida. Jakin da aka yi wa lodin da ya fi ƙarfinsa ga gyambo a baya, shanun huɗa da ake duka tun safe har azahar ba a kai su ruwa ba, kajin da ake ɗaure wa ƙafa a rataye su kai ƙasa a bayan babur tun daga ƙauye har kasuwar Haɗeja. Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya shiga gonar wani Ba'ansare, raƙumi ya gan shi ya yi kuka idanunsa suna zubar da hawaye. Ya shafa shi har ya natsu, ya nemi mai shi, ya yi masa faɗa da ya ji tsoron Allah, domin raƙumin ya kai ƙarar cewa yana barinsa da yunwa yana kuma wahalar da shi. Raƙumin ya gane wurin wa ake kai ƙara.

Iyaye kuma, ku duba yaran nan masu yawo da danƙo a wuya. Wanda ya harbo kurciya ya yanka ya gasa ya ci, wannan farauta ce. Amma harbin gwada saiti, a kashe a yar, Annabi (SAW) ya hana a mayar da mai rai abin gwada harbi, kamar yadda Muslim ya ruwaito. A wata tafiya ma sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata 'yar tsuntsuwa guda biyu, uwar ta zo tana shawagi a kansu tana karkaɗa fikafikai. Da Annabi (SAW) ya dawo ya gan ta, sai ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali a kan 'ya'yanta, ya ce a mayar mata da su. Damina na tafe, shamuwa za ta yi sheƙa a bishiyoyin gari, belbela za ta yi a na bakin ruwa. Ku ba yaranku wannan labarin kafin su fara hawa.

Wallahu a'alam. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mana gonakinmu daga ambaliya da tsuntsu.